Bakin Agwagwa

Shekara talatin da ɗaya a Sialkot
ina zaune gaban injin goge ƙarfe,
ƙafa a tanƙwashe, ƙyalle a hanci,
baƙar ƙura ta zame min kwalli.
Abin da nake gogewa yana da suna a takarda,
amma sunan bai taɓa zama a harshena ba.
Mu a shago bakin agwagwa muke ce masa:
leɓe biyu, noti ɗaya,
ka murɗa, ya hangame.

Ɗari biyu a yini, in ba a ɗauke wuta ba.
A jera a kwali, a ɗaure, a kai Karachi,
sauran labarin teku ta sani.
Akwai 'yan'uwansa a bencin Tanwir,
na hanci, na kunne, na maƙogwaro mai fitila,
duk maɓuɗan ƙofofin da jiki ya rufe.
Ban taɓa tambayar ƙofar wa ba.

Tsoho Niyamat da ya koya min aiki
yakan goga kowane a kumatunsa.
Ya ce, abin da ya karce ka a waje
zai yanki wata a ciki.
Mun yi masa dariya. Da ƙirge ake biya,
kumatu ba ya cika kwali.

Sai Shamshad ta fara rama.
Wata biyar tana ɓoye tsumma a bayan tulu,
tana murza gurasa, tana cewa gajiya ce.
Ranar da ta kasa ɗaga tukunyar shayi
na goya ta a babur cikin ruwan damina,
kogin Aik ya cika har wuya,
ita kuwa a bayana kamar ba kowa.

Asibitin gwamnati, benci, labule kore.
Aka ce maza su tsaya nan.
Na tsaya. Wata nas ta gifta da tire,
mayafin tiren ya zame kaɗan,
na gan shi.

Ko a duhu na san wannan wuyan.
Na san lanƙwasar, na san zaman notin,
na san 'yar ƙusar da Tanwir ke bugawa a karkace.
Namu ne. Bai ma haye teku ba.

Mutane a nan suna roƙon lafiya.
Ni abin da na roƙa, kunya ta hana ni faɗa:
Ya Rabbi, ya zama na safiya ne,
lokacin da hannuna ke da haƙuri,
ba na yammacin Alhamis ba
da nake sauri don a cika lissafi.

Agogon bango ya ci minti goma sha biyu.
Na ƙirga gefuna nawa na tsallake a rayuwa,
lissafin ya fi ƙarfin yatsu.

Ta fito tana gyara gyale.
Likita Rubina ta ce ta ga wani abu,
ɗan ƙarami ne, an gutsura, a dawo bayan mako biyu.
Ta ce gara da aka gani.
A bakin ƙofa na ce, ya ji miki ciwo?
Shamshad ta dube ni kamar yaro.
A'a, ta ce. Sanyi ne da shi kawai.

Yau kwana tara.
Ɗari da arba'in nake yi yanzu,
mai shago ya yi magana har sau biyu.
Kumatuna ya yi ja kamar na Niyamat,
yara sun fara dariya.
Kafin in sa kowane a leda
nakan riƙe shi cikin tafi, in ɗan jima.
Na san ɗumin ba zai kai Karachi ba,
ko bakin titi ba zai kai ba.
Ina riƙewa dai.